Kunkuru Da Tambaya Ta Bakwai

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau babu kwana-kwana. Masu turo min saƙo wai na cika jan aji, da masu cewa in ba na son bawan Allahn nan na sake shi ya kama gabansa, duk na ji ku, na kuma yafe muku. Yau zan faɗi abin da na yi wata takwas ina ɓoye masa, na haɗa har da ku na ɓoye wa. Tsoron mota nake yi. To, na faɗa. Mai dariya ya yi ya gama, sai mu ci gaba.

Saboda wanda yau ya fara karanta ni, bari na ɗan koma baya. Shekara biyu ke nan, wata safiya ina gaban tasi za ni wurin aiki, tayar wata babbar mota ta fashe ta yo kanmu. Cinyata ta dama ta karye gida biyu. Wata uku na yi a gadon asibiti, aka sa min ƙarfe, na koyi tafiya da sanduna har na yar da su. Duk lokacin da za a kai ni ganin likita a mota, fuskata a cinyar Mama take, ina kuka tun daga ƙofar gida har mu isa, kowa yana cewa zafin ƙafa ne. Ranar ƙarshe likitan ƙashi ya ɗaga hoton ƙafata a fitila ya ce, “Kin warke sumul.” Muka fito, Abba ya tare tasi. Ana buɗe ƙofa numfashina ya ɗauke, gumi ya wanke ni, na durƙushe a bakin titi. A ƙasa muka koma gida, Abba na riƙe da jakata. Tun daga ranar ban sake shiga cikin wani abu mai taya ba.

Na bar tsohon aikina mai nisa, na koma wani shagon kayan rubutu da nake takawa cikin minti ashirin. A nan bawan Allahn ya same ni. Ma'aikacin safiyo ne, mai auna filaye, ya shigo sayen manyan takardun zane, ya dawo washegari wai ya manta fensir, ya sake dawowa jibi wai fensirin bai yi masa ba. Yana da wata koriyar mota tsohuwa da sai an lallaba ta take tashi. Ni na sa mata suna Kunkuru, shi kuma har a wayata Mai Kunkuru na rubuta.

Ranar farko da ya buɗe min ƙofar gaba ya ce, “Bismillah, ranki ya daɗe,” sai na ja da baya. Na yi dariya na gyara mayafi.

“Haba dai! Tafiya a ƙasa ai magani ce, kuma kyauta.”

Ya rufe ƙofar ya biyo ni. Shi ke nan fa abin ya zama jiki. Mutumin da ke yini yana taka filayen mutane a rana, sai ya ajiye Kunkuru a ƙofar shagonmu, ya rako ni gida a ƙasa, ya sake takawa ya koma ya ɗauki motarsa. Kullum ya buɗe ƙofa, kullum na maimaita masa karatuna. Wallahi ina sonsa, son da in na tuna da yamma zai zo sai na ga har kwalayen biro sun yi min kyau. Amma duk sanda na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai muryar Mama ta riga ni.

Kar ku ga laifin Mama. Saurayin da nake da shi lokacin hatsarin sau biyu ya zo dubiya. Mahaifiyarsa na jin batun ƙarfe a ƙafa, shiru kake ji. Mama ta fi ni jin ciwon abin.

“Auta, ki rufa mana asiri,” haka take cewa tana ninke min kaya. “Batun ƙarfe, yaron nan mai mota ya sani ya yarda, alhamdulillahi. Amma wannan na motar, mutane ba ganewa za su yi ba. Cewa za a yi kanki ne ya taɓu. Uwarsa tsohuwar shugabar makaranta ce, irinsu ko zaren da ya fito a gefen riga sai sun gani. Manyansa na zuwa ƙarshen wata. Ki bari a gama magana, in ya so a hankali ya sani.”

“Mama, ranar da za ni gidana fa? A ƙasa zan taka?”

“Allah Ya kai mu ranar. Ke dai ki ja bakinki.”

Ana cikin haka saƙo ya shigo min daga asibitin da na kwanta. Wai masu bincike za su tsara abin da ya kamata a bincika kan kula da mutane bayan hatsarin mota, kuma ba sa son su yanke su kaɗai. Suna neman waɗanda suka ji jiki, da masu jinya, da waɗanda ke fara isa wurin hatsari, a zauna tare. Mama na jin haka ta hau murna, wai 'yarta ta shiga kwamitin likitoci. Ita ta zaɓar min kaya: doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a bakin hannu, da mayafi ruwan hoda. Ta kalli takalmina da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda, ta girgiza kai, ta ba ni nata sabo.

Ɗakin taron a hawa na biyu yake. An jera kujeru a zagaye, ga butar shayi da kofuna a kan tebur, bango ɗaya kuma an manne shi da fararen katuna, kowanne da tambaya a jiki. Mun kai mu ashirin. Shugabar binciken wata 'yar gajeriyar mata ce mai tabarau rataye a wuya, kowa Dakta yake ce mata.

“Shekara da shekaru mu muke zama mu yanke abin da za a bincika a kanku,” in ji ta. “To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga dokar wurin nan. Kowa zai karɓi jajayen sitika biyar, ya manna a tambayar da ya ga ta fi muhimmanci. Sitikar Farfesa da ta kowa nauyinsu ɗaya. Ga katuna babu rubutu, wanda bai ga damuwarsa a bango ba ya rubuta ya jefa a kwalin can, ba suna. Goma sha biyun da suka fi samun ja, su za mu tura wa jama'a ta waya su zaɓa. Abin da jama'a suka ɗora a sama, shi za mu fara bincikawa.”

Farfesan, babban likitan tiyata mai furfura, ya ɗaga sitikunsa biyar ya ce an rage masa girma. Aka yi dariya.

Na bi katunan ina karantawa. Yadda motar asibiti za ta riƙa isa da wuri. Yadda ake tsayar da jini. Wane ƙarfe ya fi daɗewa a jiki. Duk masu kyau ne, amma duk a awannin farko suka tsaya, kamar daga an sallame ka labari ya ƙare. Sai mutane suka fara magana. Wani mai shago da ke daidai wata muguwar kwana ya ce shi ne kullum na farko a wurin, kuma har yau ba wanda ya taɓa gaya masa ko ana ba wanda ya ji rauni ruwa. Wata uwa ta ce kwana biyu ta yi tana zagaya asibitoci kafin ta gano inda ɗanta yake kwance, shin aikin wa ne ya kira gida? Dakta na rubutawa da sauri, Farfesa ya daina wasa da bironsa. A kusa da ni wani dattijo ne mai hannu ɗaya a sandare, tsohon direban bas.

Da aka tashi shan shayi na ɗauki kati na juya wa mutane baya. Na rubuta:

“Ƙashina ya warke, amma shekara biyu ban iya shiga mota ba. In aka ce na shigo sai na yi dariya na ce tafiya a ƙasa magani ce, kuma kyauta. Ko wanda zan aura bai sani ba. Wa zai bincika yadda ake warkar da wannan?”

Na jefa a kwali na koma na zauna kamar ba ni ba.

Farfesa ne ya ciro shi ya karanta a bainar jama'a. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage na shige. Ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, “Wannan sanannen abu ne, yana da suna a wurinmu. Za mu gyara lafazin, mu ce matsalar damuwa bayan hatsari.”

Sai dattijon nan ya miƙe tsaye.

“Ranka ya daɗe, in ka mai da shi haka ba zan gane kaina a ciki ba. Ni ban san damuwa ba. Abin da na sani, shekara talatin ina riƙe da sitiyari, yau shekara shida in na ji ƙarar birki sai na nemi bango na dafa. 'Ya'yana sun ɗauka tsufa ne. Sai yau da aka karanta katin nan na san ashe ba ni kaɗai ba ne.”

Ya tako a hankali ya manna sitikunsa biyar gaba ɗaya a kan katina. Uwar nan ta ƙara biyu. Mai shago ya sa ɗaya. Farfesa ya kalli katin ya ce, “Baba Direba, ka koya min,” ya sa nasa guda biyu. Ni kam hawaye nake shanyewa da bakin mayafi, ina yi kamar shayi ne ya ƙona ni.

Dakta ta ce, “Mun fi son kowace tambaya ta fita da bakin mai ita. Amma mai katin nan shi ke da iko. In ba ya son ya fita haka, kwalin na bakin ƙofa, ya jefa takarda ya ce a canza, ba wanda zai sani.”

Na wuce ta gaban kwalin da za mu fita. Na tsaya. Na hango Baba Direba yana sauka daga bene yana dafa bango, na ce a raina, akwai irinsa nawa a gari? Kuma wa ya san ni a cikin masu zaɓen? Ban jefa komai ba. A ƙofa aka tara mu aka ɗauki hoto, aka tambayi kowa ko ya yarda a sa, na ce na yarda, tunda hoto ba ya magana.

Bayan sati biyu, ranar Laraba da safe ina shirin fita shago, saƙon ya iso. Hotonmu a sama, ni a tsaye kusa da Farfesa, mayafina ya zauna ɗas. A ƙasa tambayoyi goma sha biyu, tawa ce ta bakwai, ko wasali ba a taɓa ba. Na nuna wa Mama hoton kawai.

“Masha Allah! Kai, Auta! Tura min, tura min yanzu.”

Ina sauri, na tura mata saƙon gaba ɗayansa na fice.

Ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta fara ruri. Gwaggo ta turo min addu'a. Yayata ta turo tafi. Na leƙa zauren dangi na waya na ga saƙon, har da muryar Mama a ƙasa tana cewa ga 'yarku nan tare da manyan likitoci, kowa ya shiga ya zaɓa. Na kira ta.

“Mama, wa da wa kika tura wa?”

“Kowa da kowa mana. Abin alheri ake ɓoyewa?”

“Har Hajiya, mahaifiyar Mai Kunkuru?”

“Ita na fara tura wa! Ta san ba 'yar banza ɗanta zai ɗauka ba.”

“Mama, kin karanta ta bakwai?”

“Ina na ga tabarauna da sassafen nan? Me ke cikin ta bakwai?”

Na ce ta nemo tabaran. Na ji tana jan durowa, na ji shiru, sai kuma salati.

Shi kuma Mai Kunkuru, mutumin da ƙarfe goma ba ta wucewa bai turo min “Kin karya?” ba, ranar ko ɗigo. Na duba, yana kan waya. Na sake dubawa, ya sauka. Na rubuta “Barka da rana” na goge. Na rubuta “Ina son mu yi magana” na goge. Wata mata ta nemi jan biro na miƙa mata gam. Ƙarfe biyu na ce wa mai shagonmu kaina na ciwo, na tafi gida.

A kicin na sami Mama zaune a kan 'yar kujera, tukunya na tafasa ba ta ko kallonta, wayar na cinyarta. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta jawo ni ta zaunar a gabanta.

“Ni na ce ki ja bakinki, ni kuma na tona da hannuna. Kin ga ikon Allah.” Ta share ido. “Sau huɗu na karanta, Auta. Kullum muna gida ɗaya, amma ban san haka abin yake cin ki ba. Na ɗauka in an yi shiru zai wuce.”

“Mama, in ya tafi fa?”

“In ya tafi ba rabonki ba ne.” Ta sauke tukunyar. “Amma wallahi zan ji haushi, yaron akwai gaisuwa.”

Na yi dariya ina kuka. Muna nan la'asar ta yi, sai ga saƙo: “Ki fito.” Ko sallama babu. Daga waje na jiyo tarin Kunkuru, sannan ta yi shiru.

Na zura doguwar riga baƙa, na yafa mayafin da hannuna ya fara kaiwa, ban ko kalli madubi ba. Ina fita na tsaya turus. Ƙofofin Kunkuru huɗu duk a buɗe suke. An tokare tayoyin da duwatsu. Shi kuma yana tsaye da kayan aikinsa, wando duk laka, ya ɗaga murfin gaba yana kwance wayar batir.

Ya ɗago ya kalle ni. Idonsa ya yi ja.

“Tafiya a ƙasa magani ce,” ya ce.

Na sunkuyar da kai. “Kuma kyauta.”

“Wata takwas. Kin san abin da na yi a wata takwas ɗin nan? Na canza rigar kujeru. Na sake fenti. Turare kala uku na gwada, na ce ko warin mai ne ba kya so. Satin da ya wuce har mai saye na kawo ya duba ta. Na ɗauka kunyar motata kike ji, kina tausayina ne ba kya son faɗa.”

Jama'a, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina can ina ɓoye nawa ciwon, ashe na bar shi da nasa.

“Kunkurun za ka sayar?”

“Saboda ke ko ƙafata aka ce na sayar sai na tambayi farashi.” Bai yi dariya ba. “Abin da ya yi min zafi, baƙi ashirin sun ji kafin ni. Me na yi da ban cancanci na sani ba?”

“Ba ka yi komai ba. Tsoro na ji. An taɓa tafiya an bar ni a kan abin da bai kai wannan ba.”

Ya sauke murfin gaba. Sannan ya goge hannu a jikin wandonsa, ya miƙo min makullin motar.

“Riƙe. Na cire batir, na sa duwatsu, ga makulli a hannunki. Motar da ko da batir sai an roƙe ta. Ba inda za mu je. Ni ba likita ba ne, a ƙasan saƙon nan na ga lambar da mai irin wannan zai kira, ranar Litinin sai mu taka mu je tare. Yau dai in kin ga za ki iya, ki ɗan zauna. In ba za ki iya ba, ga dakali can, shi ma zama ne.”

Na kalli kujerar gaba da sabuwar rigarta ruwan ƙasa. Na matsa, na juya mata baya, na zauna a gefe-gefe, ƙafafuna biyu a ƙasa, makullin na cizon tafin hannuna. Ƙamshin turare na uku ya bugi hancina. Gumi ya tsattsafo min, amma numfashina bai ɗauke ba. Ya tsugunna a gabana a bakin titi.

“Na zaɓi ta bakwai,” ya ce. “Na bi ofishinmu tebur-tebur na sa kowa ya zaɓa. Har maigadi.”

“Ai magudi ne wannan.”

“Kamfen ne.”

Na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ke cina tun safe. “Hajiya fa?”

Ya sosa ƙeya. “Ita ta fara ganewa. Kullum tana min faɗan takalmana na cinyewa, ni kuma ina ce mata tafiya a ƙasa magani ce. Da safe ta miƙo min waya ta ce, wannan ba karatun yarinyarka ba ne?”

“Sai ta ce me?”

“Ta ce ni sakarai ne.”

“A kaina fa?”

“Ba ta ce komai ba. Ta tambaye ni daga gidanmu zuwa nan awa nawa ne a ƙasa, na ce ɗaya da rabi. Ta ce jibi za ta zo da kanta, kafin manya, tana son ta gan ki ido da ido. Kuma kar na kuskura na ɗauko mata mota, takowa za ta yi.”

Daga bayan ƙofar gidanmu muka ji faranti ya faɗi ƙasa, kofuna na gangarawa, muryar Mama na cewa, “Jibi? Na shiga uku, labulen falo!”

Ya fashe da dariya har yana dafa ƙofar mota, ni ma na kasa riƙe tawa, alhali ina ta tunanin tsohuwar shugabar makaranta da ta yi tafiyar awa ɗaya da rabi a rana don ta kalle ni. Na sunkuya zan gyara mayafina da ya zame, sai na ga ƙafata ta dama, mai ƙarfen, tana cikin mota, a kan shimfiɗar roba. Ban san lokacin da na shigo da ita ba.

Ta hagun tana waje har yanzu. Shi ma ya gani, sai ya ɗauke kai ya hau duba taya kamar bai ga komai ba.